Kwanon Majiyyaci a Makonnin Gashin Ciwon Daji

  Waɗanda ke kwance a gida ko a gadon asibiti, sannunku, Allah ya ba ku lafiya. Masu jinya kuma sannunku da ɗawainiya, ku ɗan matso kusa da rediyo, domin rabin maganar yau taku ce.

Yau za mu tsaya ne a kan mutumin da likita ya rubuta wa gashi, wato maganin da ake yi da hasken na'ura, a ciki ko a mara saboda ciwon daji: me zai ci, me zai sha, yaya zai yi da tashin zuciya da gudawar da kan biyo baya. A ƙasashenmu yawancin waɗanda ake yi wa irin wannan gashi mata ne masu sankarar bakin mahaifa, wadda ita ce ta biyu a yawa tsakanin matan Najeriya bayan sankarar mama. Akwai kuma masu sankarar dubura, da ta mafitsara, da ta furostet a wajen maza, da ta tumbi. Na'urar gashi ba a kowane gari take ba. Mutum kan taso daga nesa ya nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙasa na Abuja. A Nijar kuma an buɗe sashen gashi na cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai a 2021. Ke nan mai jinya na barin madafinta ta je baƙon wuri, ta yi makonni a gidan 'yan uwa ko a ɗakin haya, kuma a can ne za ta san yadda za ta ciyar da wanda ko ƙamshin miya ba ya so.

Kafin a fara gashi sai an ɗauki hoton cikin majiyyaci da na'ura, a auna inda ƙarin yake, a yi masa alama a fata. Daga nan zai riƙa zuwa kullum, Litinin zuwa Juma'a, ya huta Asabar da Lahadi. Kwanciyar ba ta wuce 'yan mintuna, ba ya jin zafi, ba ya ganin komai na shiga jikinsa. Mai sankarar bakin mahaifa takan yi zuwa wajen 25 a cikin mako 5, sau da yawa tare da ƙarin ruwan maganin daji da ake kira kemo sau ɗaya a mako, sannan a bi da gashin da ake yi ta ciki. Likitoci na son a kammala komai a cikin mako 8, domin duk ranar da aka tsallake, ƙwayoyin cutar na samun sararin farfaɗowa. Ku riƙe wannan, don a kansa sauran maganar ta ginu. Burinmu shi ne majiyyaci ya kai zuwansa na ƙarshe da ƙafarsa, ba tare da an dakatar da shi saboda ya galabaita ba. Abin da ke kai shi can kuwa, bayan ikon Allah, abin da ke shiga bakinsa ne.

Bari in kawar da wani tsoro tun yanzu. Wanda aka yi wa gashi da na'urar waje ba ya ɗauko hasken ya kawo gida. Da an kashe na'ura shi ke nan. Ku ci kwano ɗaya da shi, ya ɗauki jikokinsa, ya kwana a ɗakinsa. Ciwon daji kansa ba a ɗaukarsa ta cokali ko kofi. Idan irin maganin da aka yi na buƙatar wata kiyayewa ta musamman, ma'aikatan za su faɗa da bakinsu. Ina jaddada wannan ne saboda mutumin da aka ware wa kwano aka tura shi lungu, ko da lafiyarsa ƙalau, loma biyu zai yi ya ture.

To me ke kawo laulayin? Hasken gashi yana kashe ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, irin su ƙwayoyin daji. Amma fatar da ta lulluɓe cikin hanji ita ma mai saurin sabuntawa ce, cikin kwana 3 zuwa 5 take canza kanta. Cikin ƙaramin hanji kamar fuskar sabon tawul yake, cike da 'yan tsirarrun zaruruwa masu tsotse ruwa da amfanin abinci. Idan haske ya ratsa ta wurin kwana da kwanaki, sai su gajarce, tsotsar ta ragu, ruwa da abinci su wuce da sauri. Abin da ya sa ke nan gudawa da murɗar ciki ba su cika zuwa a makon farko ba, sai a na biyu ko na uku. A lokacin ne za ka ji dangi na cewa, "Ai tun da aka fara wannan abin jikin ya ƙara rikicewa, a mai da ita gida." Don Allah kada a mai da ita gida. Wannan laulayi an san da shi, ana da maganinsa, kuma ga mafi yawan mutane yana lafawa a 'yan makonni bayan an gama. Ba alama ba ce ta cewa cutar ta ƙaru.

Wanda ake gasa wa saman ciki, wajen tumbi, shi ya fi fama da tashin zuciya, kuma yakan taso sa'a ɗaya zuwa 'yan sa'o'i bayan an sauko daga na'ura. Wanda ake gasa wa mara ya fi fama da gudawa, da yawan jin bayan gida, da zafin fitsari. Kasala kuwa ta kowa ce.

Ban da galabaitar da kan sa a dakatar da gashi, akwai dalili na biyu da ya sa rama ke da illa a nan. An auna hasken ne daidai da jikin mutum a ranar da aka ɗauki hoton farko. Idan ya zube sosai, cikinsa ya lotsa, awon ba zai zauna daidai ba, wani lokaci sai an sake hoto da sabon lissafi, ga ɓata lokaci ga ƙarin kuɗi. Saboda haka ko mai ƙiba ne, wannan ba lokacin rage jiki ba ne. A hau sikeli sau ɗaya a mako, a rubuta. Idan babu sikeli, zani da tazuge da zobe za su ba da labari, a kai wa likita labarin.

Yanzu mu shiga madafi. Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na haramta wa majiyyaci komai tun ranar farko. 'Yan dubiya na shigowa, kowa da fatawarsa. Wannan ta ce kada ta ci nama, waccan ta ce ƙwai na ƙara ƙari, wani ya ce ya gani a waya sukari ne abincin daji, a hana ta duk abin da ke da zaƙi har shinkafa. Kafin mako ya zagayo an bar baiwar Allah da ruwan zafi da ganye. Jama'a, ba a kashe ciwon daji da yunwa. Idan aka hana jiki abinci, tsokarsa zai riƙa ci, mai ciwon ne zai ƙare ba ciwon ba. Nama da kifi da ƙwai su ne kayan da jiki ke gyara fatar hanjin da haske ya taɓa. Muddin cikin mutum lafiya yake, ya ci abincin da ya saba, sai dai in asibiti sun ba shi wani tsari na daban. Ana sauya abinci ne idan laulayi ya zo, daidai gwargwadonsa, kuma na ɗan lokaci.

Kuskure na biyu na masu ƙauna ne. A cika kwano da tuwo, a tsaya a kansa, "Daure ka cinye, Baba, don Allah ka cinye." Babban kwano na kashe zuciyar mara lafiya tun kafin ya sa hannu. A zuba masa a ɗan ƙaramin faranti, loma biyar ko shida, a dawo bayan sa'a biyu ko uku da wani abin. Ci shida ƙanana sun fi ci uku manya. Kada a jira sai ya ce yana jin yunwa, domin yunwar ba lallai ta zo ba, agogo za a bi kamar yadda ake bi wajen shan magani. Mutane da yawa sun fi iya ci da safe, to a sa abin kirkin a lokacin: dafaffen ƙwai, ko ɗan kifi, tare da koko.

Ga mai tashin zuciya, wari ne babban abokin gaba. Suyar manja, daddawa, hayaƙin itace, turaren wuta, duk a nisanta su da ɗakinsa. Abinci ya huce tukuna, don mai tururi ya fi tayar da zuciya. Busasshen abu mara maiƙo yakan zauna: gasasshen burodi, biskit mara zaƙi, farar shinkafa. Kada ya haɗa ci da shan ruwa mai yawa lokaci guda, ya riƙa kurɓa a tsakanin ci da ci. In ya gama ya zauna a jingine kamar sa'a guda kafin ya kwanta, a kuma sassauta ɗaurin zani ko wando. Ɗan ruwan citta mara ƙarfi yana taimakon wasu. Game da ci kafin shiga na'ura, wasu sun fi jin daɗi da ɗan abu mara nauyi sa'a ɗaya ko biyu kafin lokaci, wasu sai ciki babu komai. Amma idan ma'aikata suka ce a zo ba a ci ba, ko a sha ruwa kofi kaza a riƙe fitsari, to wannan umarni ne. Cikakkiyar mafitsara tana ture hanji daga hanyar haske, don haka ake sa mai gashin mara ya riƙe fitsarin. Akwai kuma ƙwayoyin hana amai, irin su ondansetron da metoclopramide, waɗanda likita kan rubuta a sha kafin gashi. A sha su a kan lokaci, kada a jira sai aman ya zo.

Idan gudawa ta fara, a nan ne uwargida za ta nuna gwanintarta. Abin da ake so shi ne mai laushi, mara dusa, mara ɓawo, mara maiƙo, mara yaji. Koko na tatacciyar gasara, a rage masa citta da kanumfari, a cire barkono. Tuwon shinkafa mai laushi. Farar shinkafa ko taliya da ɗan romo. Dafaffen dankalin turawa da aka fere, dafaffiyar doya, faten dankali ba tare da ganye ba. Ayaba nunanniya, wadda ke mayar wa jiki sinadarin da gudawa ke kwashewa. Farfesun kaza da aka cire fata, ko na kifi, da gishiri daidai, babu attarugu. Miya kuma a yi ta salala, mai kaɗan, tumatir a cire masa fata da 'ya'ya. Miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa a gwada kaɗan a gani, cikin wani na karɓa na wani ba ya karɓa.

Abin da za a ɗan jingine kuwa, wake da danginsa ne, ƙosai da alale da ɗanwake, saboda suna cika ciki da iska, iskar kuma ban da murɗa tana iya motsa hanji daga inda aka auna. Haka kabeji da ɗanyar albasa, da kwaɗon zogale ko rama, da dambu, da gyaɗa da aya. Tsire da kilishi da duk abin da aka tsamo daga mai su jira. Tsamiya na sakin ciki, mangwaro da yawa ma haka. Goro, da shayi mai kauri, da kofi, suna zaburar da hanji, lemon kwalba kuma ga iska ga sukari. Na san raba dattijo da goronsa ba ƙaramin aiki ba ne, amma makonni ne ba shekaru ba. Taba ma a ajiye ta, don tana ƙara laulayin tana kuma rage wa gashin ƙarfi.

Maganar madara tana son bayani, domin ita ce tsarabar dubiya. Sinadarin da ke narkar da sukarin madara a saman waɗancan zaruruwa na hanji yake zaune, idan sun gajarce sai ya ragu. Saboda haka mutumin da ya saba shan madara lafiya lau zai iya ganin tana kumbura masa ciki tana sa shi zawo a makonnin nan. In haka ta faru a dakatar da ita, a gwada kindirmo ko yogot kaɗan, domin tsamin da suka yi ya riga ya cinye wani kaso na sukarin. Sai dai a tabbata an tafasa madarar kafin a yi kindirmon. Nonon da ba a san ruwan da aka sirka shi da shi ba haɗari ne, musamman ga wanda ake haɗa wa da kemo, tun da garkuwar jikinsa ta yi ƙasa. Wannan hukunci ya hau kan yankakkiyar kankana ta bakin titi, da salak, da kwanannen abincin da ba a ɗumama shi ya yi zafi sosai ba. Mai zuwa asibiti ta zuba koko a fulas, ta riƙo ayaba da dafaffen ƙwai, don layi na iya yin tsawo, kada yunwa ta tura su wurin mai soye-soye a bakin ƙofa.

Ruwa ya fi komai gaggawa. Mutum na jure ƙarancin abinci na kwana biyu, amma gudawa da zafin bazara suna ƙarar da ruwan jiki cikin yini guda. A nemi lita 2 zuwa 3 a rana, wato ruwan leda 4 zuwa 6, a kurɓa a hankali, a ƙara kofi guda bayan kowace fita. Ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da aka rasa, sai a haɗa da garin gishiri da sukari na leda da ake sayarwa a kemis, a dama shi da adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokali. Wanda ya kwana a zubar a haɗa sabo. Launin fitsari shi ne ma'auni: in ya yi ja ya ƙanƙance, ruwa bai isa ba. Masu ciwon suga, da masu ciwon ƙoda ko zuciya, su tambayi likita adadin da ya dace da su, nasu lissafin daban ne.

Ina roƙon masu jinya da babbar murya a kan abu guda. Kada a ruga kemis a sayo Flagyl da ja-da-yalo a ɗura wa mai gashi don yana gudawa. Yawancin wannan gudawa ba ta ƙwayar cuta ba ce, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka sha ba bisa ƙa'ida ba yana iya ƙara ta. Akwai maganin tsayar da ita, loperamide, amma likita ne zai ce a sha da yadda za a sha, don ba a ba mai zazzaɓi ko mai fitar da jini sai an duba shi. Haka jiƙe-jiƙe da saiwoyi da maganin wankin ciki. Hanjin da ke ɗanye ba ya ɗaukar abin da ke sa zawo, wasu kuma suna wahalar da ƙoda da hanta a daidai lokacin da kemo ke buƙatarsu. Duk abin da majiyyaci ke sha, na gargajiya ne ko ƙwayoyin ƙarin kuzari masu tsada da ake tallatawa, a ɗauka a nuna wa likita. Addu'a kuwa a yi ta babu ƙaƙƙautawa, ba ta karo da kowane magani.

Wasu nasu akasin haka ne, bayan gida ke yi musu tauri, musamman masu shan maganin ciwo mai ƙarfi irin su tramadol da mofin. Su ba su da buƙatar wancan tsari na gudawa. Su ƙara ruwa, su ɗan taka a tsakar gida, su ci gwanda, su faɗa wa likita ya ba su mai tausasawa.

Yawan fita kan sa dubura ta yi ɗanye. A yi tsarki da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a dangwale da tsumma mai laushi, ban da gogawa. Kada a shafa man zafi ko a gasa wurin da ruwan zafi, kada kuma a dirje alamar da aka yi a fata. Man da za a shafa a tambayi ma'aikatan. Na san kunya na hana iyayenmu mata faɗin irin wannan, musamman ga likita namiji sa'an ɗansu. 'Yar da ke rakiya ta ja ma'aikaciyar jinya gefe ta faɗa mata. Su kullum abin da suke ji ke nan, kuma ba za su iya magance abin da aka ɓoye musu ba.

Idan makonnin gashi suka faɗo a watan Ramadan, addini ya yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama bayan ya warke. Mai gudawa da amai, wanda aka ce ya sha ruwa kafin ya hau na'ura, yana cikin waɗanda aka yi wa wannan sauƙi. A tambayi likita, a tambayi malami, kada a bar dattijuwa ta ɗauki azumi a ɓoye don tana jin nauyin mutane. 'Yan uwanmu Kirista masu azumin coci su ma su yi shawara da likita da shugabanninsu.

Akwai lokacin da dabarar madafi ta ƙare, sai asibiti, ko da tsakar dare ne ko ranar Lahadi. Idan fita ta ƙaru da sau 4 ko fiye a kan yadda ya saba a rana, a sanar da ma'aikata a ranar. Idan amai ya hana ko ruwa zama yini guda, ko fitsari ya ɗauke, ko jiri na ɗibarsa in ya miƙe, ko ya fara sambatu, a tafi. Jini a bayan gida, ko bayan gida baƙi ƙirin, a tafi. Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'aunin zafi ga wanda ke karɓar kemo, kada a ce maleriya ce a sayi magani a kwanta, a tafi a auna jini. Ciki ya kumbura ya yi tauri da ciwo mai tsanani, babu bayan gida babu tusa, wannan ma na gaggawa ne. Kuma ko da jiki ya yi nauyi, kada a yanke shawarar fashin gashi a gida. A je, likita ya duba, shi zai ce a yi ko a ɗaga.

Bayan zuwa na ƙarshe laulayin ba ya yankewa nan take, yakan ma ɗan ƙaru a mako na farko ko na biyu kafin ya fara sauka. Idan ciki ya daidaita sai a riƙa dawo da abincin da aka jingine ɗaya bayan ɗaya, a ba kowanne kwana biyu ko uku a ga yadda ciki ya karɓe shi, yau ɗan alale, jibi ɗan zogale dafaffe, har a koma ga kwanon gida. Kada a dawwama a kan koko da farar shinkafa wata da watanni, jikin da ke murmurewa na son ganye da wake da 'ya'yan itace. Kaɗan daga cikin waɗanda aka yi wa gashi sukan ga matsalar hanji ta dawo bayan watanni ko shekaru: gudawar da ta ƙi tsayawa, jini, murɗa bayan cin abinci, ko rama babu dalili. Saboda haka a adana takardar da aka bayar ranar sallama, kuma duk likitan da aka je wurinsa nan gaba, ko a kan wane ciwo ne, a faɗa masa an taɓa yin gashi a ciki, a wace shekara, a kuma wane asibiti.